Kur ɗin dare na tarihi a Tawa, jikka biyar ɗina ba ta faɗi banza ba

Na sa ƙanena kur ɗin dare saboda jarrabawar bak ta gama sakandare, jikka biyar a wata, jiya na je ɗaukarshi sai na tsaya bakin taga ina saurare, wallahi mushen nan da ke koya musu ya iya aikinshi. Allo ya raba gida uku da alli. Ya ce dimokuraɗiyya jam'iyyu da yawa, ƙuri'a ke ɗora mutum ita ke sauke shi, ya kawo misalin zaɓenmu na 1993 da Mahamane Ousmane ya ci. Fashizim kuma shugaba guda ne, ƙasa gaba da kowa, Musolini a Italiya 1922, Hitila a Jamus 1933, masu kuɗi na riƙe da masana'antunsu muddin sun bi. Kwaminisanci na Lenin 1917 shi gwamnati ke karɓe gona da masana'anta wai kada wani ya fi wani, amma jam'iyya guda ce nan ma, ka yi gardama ka sha ɗauri.

Abin da ya ɓata min rai ɗakin, yara kusan arba'in banci shidda, fanka ta mutu, wuta ta ɗauke suka ƙarasa da fitilar waya. Fotokofi kuma kuɗinta daban.