"Minti biyar" a bakin madatsar Isna: yadda jirgin yawon Kogin Nilu ya yi da mu

Tun da na dawo Sakkwato ake tare ni da tambaya guda, a masallaci, a shago, har a wajen suna: "Alhaji, jirgin ruwan nan da muka gani a hoto, ya yake?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya. Sunan kamfanin ba zan kama ba, sun san kansu.

Ba yawo ya kai ni Masar ba. Inna na kai Alƙahira aikin ido, likita ya ce mu dawo bayan kwana 10 a duba. Yaron wajena da ke karatu a can shi ya kawo shawara, wai maimakon mu zauna otal kuɗi na zuba a banza, mu hau jirgin ƙasa zuwa Luksor, daga nan mu shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana zuwa Aswan. Kwana 4 ne, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya, kamar dai Sakkwato zuwa Gusau. Inna ta ƙi da farko. Ruwan da ta sani shi ne gulbin Rima daga saman gadar Kwalkwalawa, sai labarin kifewar kwale-kwale a Goronyo da take ji a rediyo. Da ƙyar jikanta ya lallashe ta.

Ranar farko ba ni da abin cewa. Ɗaki tsaf, tagar ɗakin tana kallon ruwa, dabino da rake shar a gefe biyu. Har Inna ta ce, "Wanga ai gida na, ba jirgi ba."

Washegari da la'asar muka iso Isna, nan labari ya sha bamban. Akwai madatsa a wurin, tsohuwar tun 1908 Turawan Ingila suka gina ta, kuma duk jirgin da zai yi kudu sai ya bi ta wata mashiga mai ƙofofin ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa har ya ɗago shi daidai da ruwan sama, sannan a buɗe masa gaba. Abin kallo ne, ban musa ba. Amma biyu-biyu ake shiga, mu kuwa mun tarar da jirage jere kamar motoci a gidan mai lokacin tsada. Wannan ba laifin kamfani ba ne, na yarda. Laifinsu shi ne bakinsu.

Na sauka wurin mai karɓar baƙi na tambaye shi yaushe za mu wuce. Ya ɗaga yatsu biyar yana murmushi: "Hamas da'ayi." Ni da Larabcin zaure na tsaya zuru, sai yaro ya raɗa mini wai minti biyar yake nufi, su Misirawa haɗiye ƙaf suke yi. Bayan magariba na koma, minti biyar. Bayan isha'i, minti biyar, ya ƙara da "ma'alesh", wato a yi haƙuri. Daga ƙarfe 5 na yamma sai 4 na asuba muka shiga mashigar. Da tun farko ya ce mini kwana za mu yi, wallahi da ban ce uffan ba. Mutumin da ya taɓa kwana a tasha yana jiran mota ta cika bai rasa haƙuri ba. Amma a riƙa yi wa dattijo wasa da hankali kamar an samu yaron goye, wannan ne ya ƙona mini rai.

Ana cikin wannan jira, masu talla a ƙananan kwale-kwale suka kewaye mu, suna cillo jallabiya da tawul a leda har saman jirgi. In ka so ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu, in ba ka so ka mayar da kayan. Inna ta yi dariya har da hawaye, ido guda a rufe da bandeji.

Wajen ƙarfe 8 saura, an ce abinci ya kusa. Inna tana da ciwon suga, kuma allurar insulin take yi kafin cin abinci, sai ta yi abinta kamar kullum. Ko minti goma ba a yi ba wuta ta ɗauke ɗif. Sai warin waya mai ƙonewa ya biyo lungun ɗakuna, wata ƙararrawa ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Turawa suka fito da fitilun waya, kowa na tambayar kowa. Ma'aikata suna ta gudu sama da ƙasa suna yi wa juna ihu da Larabci, ba wanda ya tsaya ya ce mana gobara ce ko ba gobara ba, ku hau sama ko ku zauna ɗaki. Akwai lasifika a kowane ɗaki, wadda suke tashe mu da ita da safe don yawon kallo, amma daren nan ko tari ba a yi a cikinta ba. Sai a lokacin na tuna ba wanda ya nuna mana inda rigunan ceto suke tun da muka shigo. Na lalubo su a saman kabad, guda biyu, mu uku.

Na juyo in sa wa Inna, sai na ji hannunta sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa mata kallabi, cikin sanyin Janairu. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta buɗe baki magana ba ta fita daidai, sai rawar jiki. Allura ta shiga, abinci bai zo ba, suga ya faɗi. Yaro ya ruga neman likita, aka ce masa babu likita a jirgi, sai an kai gari ake kira. Muna tsakiyar ruwa, jirgi gaba, jirgi baya.

Wanda ya cece mu, bayan Allah, mai gyaran ɗakinmu ne, wani baƙin saurayi Banube, wato ɗan ƙabilar Nuba, mutumin Aswan. Yana leƙowa ya gane abin da ake ciki. Bai tambayi kowa ba, ya ɓace cikin duhu, ya dawo da kofin karkade, wato soɓorodonmu na gida, ya zabga masa sukari, ga dabino cikin aljihu. Ya durƙusa yana ba ta da cokali, yana cewa "Ya Hagga, bismillah." Cikin kwata guda Inna ta dawo hayyacinta, farkon abin da ta ce, "Mi ya samu wutar?" Shi ne kuma ya gaya mana gaskiya da 'yar Larabcin da muka iya haɗawa: waya ce ta ƙone wajen janareto, an kashe, ba abin da zai samu jirgi. Magana ce ta jimla biyu, amma duk jirgin, daga manaja har direba, an rasa mai faɗin ta. Ya zauna bakin ƙofarmu har wuta ta dawo. Saboda yaron nan kaɗai, daren nan na ce na yafe komai.

Da gari ya waye sai yafiyar ta fara warwarewa. Saboda lattin da muka yi, aka ce tsayuwar garin Idfu ta zama ta gaggawa, wanda ke son ganin tsohon ginin da ke can ya yi sauri. Gini ne na zamanin da, an fara shi shekara 237 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yana cikin abin da na biya kuɗinsa. Zan bar tsohuwa da ta kwana a haka in hau keken doki? Ban je ba. A garin Kom Ombo na samu na ga kadojin da mutanen da suka busar suka adana, shi ke nan. Manaja bai tako ya duba Inna ba, ko sannu. Amma ranar sauka a Aswan sai ga shi da takarda: kuɗin ruwan gora, kuɗin shayi, har da kofin karkaden daren nan an rubuta. Ga kuma ambulan na tukuicin ma'aikata, wai a raba wa kowa.

Na biya kuɗin ruwa da shayi. Na karkade na ce ya goge, ya goge, da "ma'alesh" ɗinsa. Ambulan kuwa na mayar masa yadda ya ba ni, na hau sama na nemo Banuben nan na danƙa masa a hannu. Inna ta ƙara masa da turarenta na Makka da kwalbar man shanun da ta taho da ita daga gida, ta ce ya kai wa mahaifiyarsa.