Sharhi kan Nasonex da gorar wankin hanci ta NeilMed ga mai tsiron hanci

Kayan nan biyu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya rubuta mini bayan ya leƙa da na'ura ya ga tsiro a duka kafofin hancina. Hukuncina a kansu shi ne suna aiki, amma a hankali, kuma yadda ake amfani da su ya fi sunan kamfanin muhimmanci.

Tsiron hanci ba ƙurji ba ne, kuma galibi ba ciwon daji ba ne. Fatar da ta lulluɓe kogunan hanci ce ke daɗewa cikin kumburi har ta tara ruwa ta zazzago, fara-fara, mai laushi, ba ta ciwo. Shi ya sa mai shi yake fama da toshewar hanci, majina mai gangarawa maƙogwaro, munshari, da daina jin ƙamshi. Yana yawan tafiya tare da asma. Akwai kuma waɗanda asfirin ko ibuprofen ko diclofenac ke tayar musu da numfashi, su ne tsiron ya fi yi wa taurin kai. Alaji, irin na ƙurar hunturu ko ƙurar ɗaki, yana ƙara hura kumburin, sai dai ƙwayar alaji kamar loratadine atishawa da ƙaiƙayi kawai take kwantarwa, ba ta taɓa tsiron.

Nasonex maganin feshi ne mai mometasone, sinadarin rage kumburi, kowace fesa maikrogiram 50. Ga babba, ana farawa da fesa biyu a kowace kafa sau ɗaya a rana, likita kan iya mayar da shi safe da dare. Kwalba mai fesa 140 za ta kai kwana 35 a tsarin farko, amma a na biyu ba za ta wuce kwana 17 da rabi ba, sai mai saye ya yi lissafin aljihunsa. Sabuwar kwalba a girgiza ta, a fesa a iska kamar sau 10 har feshin ya fito sosai.

Inda aka fi kuskure shi ne saiti. A sunkuyar da kai kaɗan, a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa a kafar hagu, da hannun hagu a kafar dama, bakin yana kallon wajen kunne. Idan aka auna bangon tsakiya, nan jijiyoyin jini suke a fili, haɓo zai biyo baya. Kada a zuƙa da ƙarfi. Wanda ya ji ɗanɗanon maganin a maƙogwaro, to ya wuce inda ake so ya tsaya. Bakin kwalbar yakan toshe, a cire a jiƙa a ruwan ɗumi, kada a tsokane shi da allura domin awon feshin zai lalace.

Nasonex ba ya buɗe hanci nan take kamar Otrivin, wani maganin toshewar hanci, kuma wannan ne ke sa mutane jefar da shi. Sai an yi makonni ana fesawa kullum kafin numfashi ya fara sakewa, jin ƙamshi shi ne na ƙarshen dawowa. Otrivin kuwa in ya wuce mako guda, hancin kan saba da shi ya ƙara toshewa.

Gorar NeilMed tana cin ruwa mililita 240 da ƙunshi ɗaya na gishiri da bekin soda. A sunkuya, baki a buɗe, a matsa a hankali, rabin ruwan ya shiga ta wannan kafa ya fito ta waccan, sannan a sauya. Shaƙa ruwan alwala ba ya kai inda wannan ke kaiwa. Ruwan dole a tafasa shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ko da na leda ne, saboda ƙwayoyin cutar da ciki ke iya kashewa hanci ba ya iyawa. Ruwa zalla ba gishiri zugi yake yi, kanwa kuma ba ta maye gurbin bekin soda. Matsawa da ƙarfi ko fyace majina da ƙarfi bayan wanki na tura ruwa kunne. A yi wankin tukuna, a jira kamar minti 20, sannan a fesa magani. Mai azumi ya bar shi sai bayan buɗa baki.

Aibin gorar shi ne ƙunsoshin na ƙarewa da wuri kuma ba kowane kemis ke da su ba, ita kanta ana sauya ta duk wata uku. Nasonex ma akwai mometasone na wasu kamfanoni mai rahusa, in dai yana da lambar NAFDAC.

Tsiron da ya riga ya cika kafar hanci, feshi ba ya samun hanyar shiga. Nan sai likita ya ba da prednisolone, ƙwayar rage kumburi, na 'yan kwanaki ko a yi tiyata, kuma bayan tiyatar ma kayan nan biyu ake komawa, domin tsiron na dawowa. Idan kuwa a kafa ɗaya kawai yake, ko yana zubar da jini, ko a jikin yaro ne, kada a tsaya sayen komai a kemis, a tafi asibiti a duba.