Kwalbar haidirojin da na ɗaura wa Golf ɗina

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mu masu lodin Katsina zuwa Daura kunnenmu a buɗe yake ga duk abin da zai rage shan fetur. Haka na faɗa hannun wani mai gareji a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya ɗaura mini wata kwalba mai farantan ƙarfe a ciki, ya zuba ruwa da sodar sabulu, ya jona da batir. Wuta na raba ruwan gida biyu, iskar haidirojin mai kama wuta da iskar oksijin, tiyo ya kai su inji.

"Maigida, rabin mai za ka riƙa sha," in ji shi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa da kyau, har fiyus ya sa. Amma mako uku ina auna mai, ko kofi ban ga ya ragu ba. Ashe wutar daga altaneta mai cajin batir take fitowa, shi kuma inji ke juya shi, injin kuwa fetur yake ci.

Wannan asarar kuɗi ce, ana jurewa. Abin da ya tsorata ni dab da Mashi ya faru, da fasinja cike. Sai ji muka yi fau! a cikin bonet. Murfin kwalbar ya tashi, ruwan soda ya wanke wayoyi. Allah ya tsare, wata tsohuwa dai har Daura tana salati.

Ƙanena da ke koyar da kimiyya a sakandare ya duba, ya kama baki. "Yaya, bam ka ɗauko." Ya ce iskar haidirojin ba ta da wari, ba ta da launi, harshen wutarta da rana da ƙyar ake gani, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, har zuwa 75, ɗan tartsatsi ya isa. Ita kaɗai a sarari da sauƙi, don ta fi kowace iska rashin nauyi, sama take gudu. Motar Toyota Mirai da aka fitar a 2014 haidirojin zalla take ɗauka, a tanki mai kauri da na'urar gano yoyo. Tawa iskar kuwa haɗe take da oksijin tun daga kwalba, kuma babu abin tare wuta a tiyon.

Na mayar wa mai garejin, ya ce ni na cika soda. Ya cire ta kyauta, kuɗina dai sun tafi, ga na wayoyi da na sake.