Kesin ko wayar adafta: wanne ya fi wajen ciro fayiloli daga laftop ɗin da ta mutu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Laftop ɗinsa ta ɗauke gaba ɗaya, ko fitilar caji ba ta kawowa, ga takardun aiki da hotunan iyali duk a ciki. Wani mai gyara ya ce masa ya sayi kesin ya saka faifan ajiyar a ciki, wani kuma ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, wayar adafta ta USB ta wadatar. Wanne zai bi?

Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna. Laftop ɗin da ta ƙi kawo wuta kwata-kwata, yawanci ciwonta yana modabod (babban allon da duk sassan ciki ke jone a kai), ko bakin caja, ko batir. Faifan ajiya wani yanki ne daban, kuma sau da yawa yana nan lafiya lau. Masu gyaran nan biyu gari ɗaya suke nuna maka ta ƙofofi biyu: a ciro faifan, a jona shi da wata kwamfuta ta USB, a kwashe kaya. A cikin kesin da cikin kan wayar adafta, ɗan ƙaramin cif iri ɗaya ne ke aiki, shi ne tafinta tsakanin faifan da USB. Kesin gida ne mai murfi, adafta kuwa waya ce da faifan ke rataye a bakinta a fili. Saboda haka kada ka sayi ko ɗaya sai ka buɗe laftop ɗin ka ga irin faifan da ke ciki, don shi ne zai yanke hukunci.

Kafin ka taɓa sukuru, zare caja, cire batir idan na waje ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20. Idan batirin na ciki ne, da ka buɗe murfin ƙasa abu na farko shi ne ka zare soket ɗinsa daga modabod. Ƙaramin sukundireba mai lamba PH0 ko PH1 yana kwance yawancin laftop, wasu kuma sai Torx T5. In lokacin hunturu ne, da iska ta bushe har mutum yakan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙarfe, ka taɓa wani ƙarfe babba kafin ka ɗauki faifan, kuma ka riƙe shi ta gefuna.

Abin da za ka tarar ɗayan uku ne.

Na farko shi ne faifan SATA mai inci 2.5, faɗinsa kamar tafin hannu, kaurinsa milimita 7 ko 9.5. Ko dai mai juyawa ne, wato HDD, ko SSD marar juyi, amma bakinsu ɗaya: haƙora 22, guda 7 na bayanai da 15 na wuta. A nan ne kawai tambayarka take da ma'ana sosai, don kesin da waya duk suna karɓarsa. Wani abu da ke ruɗa mutane: a laftop da yawa na HP da Dell, faifan yana fitowa da wani ɗan kan roba mai siririyar waya manne a bakinsa, sai mutum ya ce bakin bai dace da kesin ba. Wannan kan ba na faifan ba ne, ka ja shi a hankali zai fita. Haka ƙarfen da aka ɗaure faifan a ciki da sukuru huɗu, shi ma a kwance shi.

Na biyu shi ne M.2, siriri kamar ƙaramar rula, sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Lambar 2280 da ake rubutawa tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, akwai kuma gajeru 2242 da 2230. Wayar adafta ta SATA ba ta da abin yi a nan, kesin na M.2 kawai. Amma ga tarko: M.2 iri biyu ne, akwai mai magana da yaren SATA, akwai NVMe, kuma a ido kusan ɗaya suke. Mai giɓi biyu a haƙoransa galibi SATA ne, mai giɓi ɗaya galibi NVMe, sai dai galibi ba kullum ba ne, don haka ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. M.2 na SATA zai zauna daram a kesin na NVMe, fitila ma ta kawo, amma kwamfuta ba za ta ga komai ba. Faifai nawa lafiyayyu aka yanke wa hukuncin mutuwa ta wannan hanya! In ba ka da tabbas, nemi kesin mai karɓar iri biyun. Masu cif ɗin RTL9210B suna yin haka, masu JMS583 ko ASM2362 kuwa NVMe kaɗai suka sani.

Na uku shi ne ka buɗe ka ga babu abin cirewa. Ƙananan laftop masu arha da ke da gigabait 32 ko 64 yawanci eMMC ne, wato ɗan cif ɗin ajiya, an like shi da dalma a modabod. Haka MacBook Air daga 2018 da MacBook Pro masu Touch Bar daga 2016. A nan kesin da waya duk ba su da amfani, sai a gyara modabod ɗin har ya farfaɗo ko na awa ɗaya ne, a kwashe. MacBook Air na 2013 zuwa 2017 kuma faifansa yana cirowa, amma bakinsa na Apple ne na musamman, yana buƙatar kesin nasa, kuma Mac ce za ta karanta shi, Windows ba ta gane tsarinsa da kanta.

To mu koma kan SATA mai inci 2.5, inda zaɓin yake.

Wajen sauri babu wanda ya fi wani, muddin dukansu USB 3 ne, mai shuɗin harshe. Abin da ke kawo bambanci shi ne a sayar maka da USB 2. Wannan ba ya wuce megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa na laftop yana iya ba da kusan 100. Kayan gigabait 200 ke nan zai ci kimanin awa ɗaya da rabi maimakon kamar rabin awa, kuma in ƙananan fayiloli ne birjik irin hotuna da takardu, duka lissafin biyu zai ƙaru. Ga faifan da ba a san lafiyarsa ba, kowace ƙarin awa ta juyi caca ce.

Wajen wuta ma kusan kunnen doki suke, don dukansu daga USB suke sha. Faifan laftop volt 5 yake so. Kafar USB 2 tana ba da miliamfiya 500, ta USB 3 tana ba da 900, shi kuwa faifai mai juyawa a lokacin da zai tashi yakan ja kusan amfiya 1. Shi ya sa wani lokaci za ka ji yana ɗan ƙara kamar zai tashi ya fasa, ya sake gwadawa ya fasa. Wannan yunwar wuta ce, ba lallai lalacewa ba. Maganinta a jona kai tsaye a kafar USB 3, ba ta hob mai raba kafa ba, in kwamfutar tebur ce a kafofin baya, da gajeriyar waya, ko waya mai kai biyu da ke jan wuta daga kafa biyu. SSD bai cika wannan fitinar ba.

Inda waya ta fi kesin shi ne sauƙi da sa ido. Babu buɗewa, babu tura faifai cikin matsi. Kesin da aka yi don milimita 7 ba ya rufuwa a kan faifan 9.5, waya kuwa ba ruwanta da kauri. Sannan faifan yana fili, kana jin sautinsa da kunnenka, kana taɓa shi ka ji zafinsa. A aikin ceto wannan ba ƙaramin abu ba ne. Raunin waya shi ne babu abin da ke riƙe faifan: hannu ya bugi tebur, ko yaro ya ja waya, sai haɗin ya katse ana tsakiyar kwafi. Faifai mai juyawa kuma ba ya son motsi yana aiki, don allurar da ke karatu tana shawagi ne dab da farantin. Idan waya ka zaɓa, ka kwantar da shi a shimfiɗe a kan takarda ko katako, kada cikinsa mai kore ya taɓa ƙarfe, kuma kada ka ɗaga shi sai ya daina juyi.

Inda kesin ya fi shi ne bayan an gama. Ya zama maka faifan waje na ajiya, ka jefa a jaka ka tafi. Amma yawancin kesin masu arha suna da bakin nan mai faɗi da ake kira Micro-B, wanda ke saurin yin sako-sako, kuma shi ne ke sa faifai ya riƙa ɓacewa yana dawowa. In da hali ɗauki mai bakin USB-C. Na NVMe kuma ya kasance na alminiyam, ka manna ɗan gammon sanyaya da ke zuwa da shi, don NVMe yana zafi sosai a dogon kwafi, yakan rage gudu ko ya katse.

A ra'ayinmu, in ceto ne na rana ɗaya kuma faifan SATA ne, waya ta fi. In kana son ci gaba da amfani da faifan, kuma lafiyarsa ƙalau, sayi kesin. In M.2 ne, an riga an zaɓa maka.

Sai abin da ke ɓata aiki bayan an jona, wanda ya fi zaɓin nan haɗari. Idan Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da faifan, ka soke. Idan ka shiga Disk Management, sashen Windows mai nuna faifai, ta ce a yi "Initialize", ka soke. In ta ce a duba a gyara, shi ma ka tsallake, kuma kada ka yi chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai, don yana rubutu a kan faifan, in yana da rauni sai ya ƙara dagula shi. Sau da yawa faifan yana nan a Disk Management, harafi ne kawai ba a ba shi ba, sai ka danna dama a kan babban yankin ka ba shi harafi. Ƙananan yankunan da za ka gani na 'yan megabait ɗari na tsarin Windows ne, ba ruwanka da su.

Kayanka suna cikin foldar Users, ƙarƙashin sunan da kake shiga da shi. Za ta ce ba ka da izini, ka danna "Continue" ka jira, yana iya ɗaukar mintuna. Fara da abin da ba shi da madadi: Documents, Desktop, Pictures, sannan Downloads, fina-finai su zo a ƙarshe. Kwafi za ka yi, ba yankewa ba. Manhajojin da ka girka ba sa tashi ta kwafi, sai an sake girka su. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana an ɗaure su da asusun Windows na tsohuwar laftop, kwafin folda ba zai buɗe su ba. Foldar OneDrive kuma tana yaudara: wasu fayilolin suna ne kawai a faifan, ainihinsu yana intanet, sai ka shiga asusunka ka sauke.

Idan ka ga alamar kwaɗo a kan faifan, BitLocker ne. Laftop da yawa na zamani suna kulle faifai da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Makullin yana cikin cif ɗin TPM na modabod ɗin da ya mutu, don haka a wata kwamfuta sai an kawo lambar ceto mai alƙaluma 48. Ka shiga asusunka na Microsoft ta waya, ka duba sashen na'urori, galibi tana can. In laftop ta ofis ce, tana wurin masu kula da kwamfutocin ofis ɗin. Babu kesin, babu waya, babu mai gyaran da zai buɗe shi ba tare da wannan lamba ba, sai dai a tada tsohon modabod.

Akwai kuma inda dukansu biyu suke gazawa. Ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba lafiyar faifan kafin dogon kwafi. In ya nuna rawaya, musamman a layukan 05, C5 da C6, akwai wuraren da suka lalace. Faifai irin wannan yakan tsaya yana ta ƙoƙarin karanta wuri ɗaya, cif ɗin USB ya gaji da jira ya yanke haɗin, kwafi ya tsaya cak. A nan gara a jona shi kai tsaye da wayar SATA a cikin kwamfutar tebur, a tashi Linux daga filash, a yi amfani da manhajar ddrescue a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko fiye. Ita ddrescue tana fara kwashe wuraren da ke da sauƙi, ta dawo kan masu taurin kai daga baya, kuma in an ba ta fayil ɗin da za ta riƙa rubuta inda ta tsaya, ko an ɗauke wuta za ta ci gaba daga nan. A kan wannan hoton ne ake gwada manhajojin ceto fayiloli irin TestDisk ko PhotoRec, kuma abin da aka ceto ba a ajiye shi a faifan da ake ceto daga gare shi.

In kuwa ka ba shi isasshiyar wuta amma yana ta ƙwas-ƙwas a jere, ko ƙarar gogayya, ka zare nan take. Allura ce ta samu matsala, kuma kowace kunnawa tana iya kankare farantin da kayanka ke kai. Kada a saka shi a firiza kamar yadda wasu ke ba da shawara, raɓa za ta shige shi. Kada kuma a buɗe murfinsa a teburin shago, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa. Wannan aikin masu ɗakin da ba ƙura ne.

Kwamfutar da za ka yi kwafin da ita ta kasance laftop mai cikakken caji, ko mai UPS, saboda ɗaukewar wuta, ka kuma hana ta yin barci har a gama. Da an gama, buɗe wasu takardu da hotuna daga sabon wurin ka tabbatar suna buɗuwa, ka gwada girman foldojin biyu da adadin fayilolinsu. Tsohon faifan ka ajiye shi yadda yake na 'yan makonni ba tare da fomat ba, don sai an fara aiki ake tuna fayil ɗin da aka manta.