Canjoba: a ɗora gida gaba ɗaya ko a ware wasu layuka?

Ɗan'uwa, ka ce janaretonka mai kVA 5 ne, gidan kuma yana da akwatin rarraba wuta tun asali. Kana so ka san wanne ya fi, a ɗora gidan gaba ɗaya a kan canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar kamfani da ta janareto, ko a ware wasu layuka kawai.

Hanya ta farko, canjoba tana zama tsakanin mita da akwatin. Wayar mita ta shiga gefe ɗaya, ta janareto ta shiga ɗaya gefen, abin da ya fito ya wuce cikin akwatin. Aikin ba shi da yawa, ba a taɓa layukan ɗakuna, kowace soket tana samun wuta. Sai dai girman canjobar da wutar kamfani ake auna shi, ba da janareto ba. In babbar birekarka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi yawa, mai amfiya 63 ce (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), canjobar kada ta gaza 63, domin duk wutar gidan ta cikinta za ta riƙa bi kullum.

Matsalarka a nan lissafi ne. Janareto mai kVA 5 a kan bolt 230 bai wuce amfiya 22 ba. Hita ɗaya mai wat 3,000 ta kwashe 13. Injin famfo da na'urar sanyaya ɗaki kuma suna jan ninkin wutarsu sau da yawa a lokacin tashi. Ke nan duk sanda aka ɗauke wuta sai wani ya je ya sauke birekokin manyan kaya, ranar da aka manta janareton ya shaƙe ko birekarsa ta faɗi.

Hanya ta biyu, a kafa ƙaramin akwati kusa da babban, a kwaso layukan fitilu, fanka, firji da 'yan soket a mayar cikinsa. Bireka ɗaya daga babban akwati ta ciyar da canjoba, janareto ya shiga ɗaya gefen, canjoba ta ciyar da ƙaramin akwatin. Hita da murhun lantarki ba sa ma ganin wutar janareto, ko yaro ya kunna babu abin da zai faru. Wahalarta tana wajen kwaso layukan: kowane layi da nutural ɗinsa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, zai taso, kuma a tsofaffin gidaje akan tarar an haɗa layuka biyu a kan nutural guda, sai an bi an warware.

Da kVA 5, ni ta biyu zan zaɓa. Ta farko ta dace da mai babban inji, ko gidan da babu kaya masu cin wuta. In kana tunanin canjoba mai sarrafa kanta, ta biyu ta ma fi zama dole, tunda ita ba ta jiran kowa ya sauke bireka, injin na tashi za ta ɗora masa kaya. Tana kuma buƙatar janareto mai tashi da batir.

Kowace ka ɗauka, canjobar ta zama mai yanke gefe ɗaya kafin ta haɗa ɗayan. Wutar janareto in ta koma layin waje, taransfoma tana ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya da tabbacin babu wuta. In an haɗa nutural da wayar ƙasa a cikin janaretonka, sai canjobar ta yanke har da nutural, in ba haka ba birekar kariya, mai yanke wuta in ta zurare zuwa ƙasa, za ta yi ta faɗuwa. Kuma sauke babbar bireka ba ya kashe wayar da ta fito daga mita, shi ya sa ƙwararren mai aikin lantarki ne zai haɗa, ya gwada da na'urar awo kafin ya sa hannu.