Garin isbagula da maƙarƙashiya: sharhin wani tela daga Sakkwato

Garin isbagula, wanda ake sayarwa a kemis don maƙarƙashiya, yana aiki. Na fara da wannan ne saboda masu gaggawa da ba za su kai ƙarshen rubutun ba. Sai dai aikinsa ba irin wanda mutanenmu suka saba nema a wurin maganin ciki ba ne, wato ka sha da dare, kafin kiran sallar Asuba ka riga kowa shiga makewayi. Wanda ya saye shi da wannan niyya zai rantse cewa an cuce shi, kuma na ji waɗanda suka rantse ɗin.

Ni tela ne a Mabera, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san zama ce zalla. Ka hau keke da hantsi, ba ka miƙewa sai sallah ta tashe ka. Karin kumallo shayi da burodi, da rana farar shinkafa da mai da yaji ko indomi, da dare tuwon shinkafa, in aljihu ya yi nauyi a bi da tsire. Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: yawancin shagunanmu ba su da ban ɗaki. Sai mutum ya rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya riƙa tayar da shi, in bayan gida ya zo kuma ya matse, ya ce sai ya koma gida. Kafin ya koma abin ya gudu. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan zalunci ne ga ciki, domin babban hanji aikinsa ke nan ya tsotse ruwa daga ragowar abinci. Duk daɗewar da bayan gida ya yi a cikinsa, ƙara bushewa yake yi.

Haka na shekara da shekaru. Mako kan zagayo ban fita ba sai abin da ba a rasa ba, shi ma da nishi da gumi, ƙanana busassu, in tashi ina jin ban gama ba. Jini da na fara gani ne ya kai ni asibiti. Likita ya duba ya ce basir ne, yawan yunƙuri ya jawo shi. Ya tambaye ni ko ina ramewa, ko ina shan tramadol ko maganin tari mai kodin ko ƙwayar ƙarin jini, domin dukkansu suna ɗaure ciki. Na ce babu. A wurinsa na ji cewa ba dole ba ne lafiyayye ya fita kullum, daga sau 3 a rana har sau 3 a mako duk daidai ne. Abin da suke kira maƙarƙashiya mai daɗewa shi ne a yi ƙasa da sau 3 a mako, ko a riƙa fita da tauri da wahala, abin kuma ya ɗauki wata 3 ko fiye. Shi ya rubuta mini garin nan.

Kafin wannan, abokin tafiyata filasko ne, kamar rabin mutanen garin nan. Ba zan zage shi ba, magani ne na gaskiya, har a kemis akwai ƙwayar senna da ake yi daga ganyen danginsa. Yana tsokanar hanji ne ya motsa da ƙarfi, cikin awa 8 zuwa 12 ka ga aiki. Amma wanda ake ƙulla maka a leda a kasuwa ba shi da awo. Yau ka dafa ka sha lafiya lau, gobe ka dafa daidai wannan ƙulli ka wuni kana murɗawar ciki da zawo, gwiwa a sake, ɗinkin mutane na jiranka. In ya wanke ka kuma sai ciki ya yi shiru na kwanaki, ka sake komawa gare shi. Ko ƙwayar ta kemis, ba a so mutum ya zarce mako guda a kanta ba tare da likita ya sani ba. Su kuwa ruwan kwalaben “wankin ciki” da ake tallarsu da lasifika a kan mota, waɗanda ba a rubuta abin da ke cikinsu ba, ba lambar NAFDAC, ni dai ban saka su a lissafin magani ba.

To, shi garin. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Ispaghula husk, wasu kamfanonin kuma Psyllium suke rubutawa, duk abu ɗaya ne. Ɓawon ƙwayar wata ciyawa ce da aka fi nomawa a Indiya, a jihohin Gujarat da Rajasthan. Wanda na fara saya a ƙananan fakiti yake, kowanne giram 3.5, mai ɗanɗanon lemo. Babba yana shan fakiti ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan cin abinci. Shi ba ya tsokanar hanji. Ruwa yake sha ya kumbura ya yi yauƙi, sai bayan gida ya yi laushi ya yi auki, hanji ya samu abin turawa. Shi ya sa ba ya gaggawa, takardar cikin kwalin ma ta ce a ba shi kwana 2 zuwa 3.

Damun sa yana da ƙa'ida, kuma nan ne mutane ke tsanar sa tun ranar farko. Ka zuba ruwan sanyi a kofi, aƙalla mililita 150, ni dai cikakken kofin silba nake yi, ka juye garin ka juya da sauri, ka shanye nan take kana tsaye. Na taɓa damawa sai ga mai karɓar ɗinki ya shigo, muka tsaya gaisuwa da cinikin aikin wuya. Ko da na waiwayo ya kafe a kofin kamar kunun da ya kwana, cokali na tsayawa a ciki. Zubarwa na yi. In ka sha da wuri kuwa ɗanɗanonsa ba laifi, sai ɗan tsaki-tsaki da ke maƙalewa a haƙori da bayan harshe, wanda kofi na biyu ke wankewa. Kofi na biyun nan ba ado ba ne. Garin da ke kumbura in bai samu ruwa ba yana iya tsayawa a maƙogwaro ko ya cushe a hanji, shi ya sa aka hana afa shi busasshe, aka kuma hana shan sa daf da kwanciya barci.

Makon farko bai yi mini daɗi ba, gaskiya. Ciki ya kumbura, ga ƙugi, ga iska, ga shi shago a cike da yara masu koyon ɗinki. Na koma wurin mai kemis, wani dattijo mai haƙuri. Ya ce, “Malam, ai da ka fara da ɗaya a rana, in ciki ya saba ka ƙara.” Haka na yi, kumburin ya lafa. Daga nan sauyin ya zo a hankali, ba tare da wata hayaniya ba. Na lura na daina nishi. Na daina daɗewa a makewayi har yara su fara buga ƙofa. Jinin ya ɗauke. Ba murɗawa, ba zawo, ba ranar da na rufe shago saboda shi, kuma wannan kaɗai ya ishe ni in fifita shi a kan filasko. Daga baya na ji cewa a 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin ciki biyu na Amurka sun fitar da jagora a kan wannan ciwo, kuma a cikin nau'ikan garin faiba da ake sayarwa, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wannan ne suka ga alamar yana aiki. Ban yi mamaki ba.

Inda nake da ƙorafi, kuɗi ne. Kayan waje ne, duk sanda dala ta yi tari sai farashinsa ya tashi, wani lokaci kuma ka zagaya kemis-kemis daga Mabera har hanyar asibitin koyarwa a ce maka ya yanke. Fakiti biyu a rana, in ka lissafa na wata, talaka zai yi tunani. Mai ɗanɗanon lemon kuma yana gundura, zaƙinsa na roba ne. Sannan akwai ɗawainiyar lokaci: yana iya rage yadda jiki ke karɓar wasu magunguna, don haka mai shan maganin suga ko na hawan jini ko na farfaɗiya ya tambayi likitansa tazarar da zai bari tsakani. Da azumi sai na mayar da shi tsakanin buɗe-baki da tarawihi, lokacin da mutum ke iya bin sa da ruwa sosai. Da sahur ban ga dabarar shan sa ba, tunda za a wuni ba ruwa, da yawa kuma komawa barci suke yi.

Tsadar ce ta tura ni kicin, ko in ce Inna ce. Ranar da ta ga kwalin ta juya shi ta ce, “Kai ɗan nan, mi kaka nema ga maganin Indiya? Mu da kuka da rama da tahwasa munka girma, ba mu san wanga ciwo ba.” Na yi dariya, amma lissafi yana bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, wato ɓangaren nan na hatsi da ganye da 'ya'yan itace da ciki ba ya narkarwa, da kuma giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Fakiti biyu na garin nan giram 7 ne kacal. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 ba ta kai rabin giram na faiba ba, dafaffen wake mai wannan nauyin yana haura giram 6. Ashe kwanon wake ɗaya ya fi abin da nake saya da tsada yawa, in dai yawa ake magana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne surfe. Mu sayi gero ko dawa ko masara, a kai inji a surfe tas, a sheƙe dusar a zuba wa ragon layya, mu kuma mu ci farin. Ragon ya yi ƙiba, bayan gidansa lafiya ƙalau. Na roƙi uwargida a daina surfe mai zurfi, a riƙa wankewa a niƙa da yawancin dusar. Tuwon ya ɗan yi duhu, yara sun yi gunaguni, sun saba. Shinkafar rana ta koma shinkafa da wake, waken ya fi yawa. Miyar kuka da kuɓewa da lalo suka dawo kan gaba, tunda yauƙin nan nasu shi ma faiba ne mai riƙe ruwa, dangin abin da ke cikin fakitin. Da la'asar in mai tallar kwaɗon zogale ko rama ta biyo layinmu, ni ne farkon mai kira. Ranar Juma'a nakan biya Ramin Kura in sayo abin da ke yayi: gwanda, goba, kankana, mangwaro in lokacinsa ne, wanda Allah cikin ikonsa yake kawowa daidai tsakiyar zafi. Goba da fatarta nake ci, lemo kuma in cinye har totuwar maimakon in tsotse in yar. Ban bar shayi da burodi gaba ɗaya ba, kada in yi ƙarya, amma koko da ƙosai sun karɓe yawancin safiyoyin.

Sauran gyaran ba na ci ba ne. Na ajiye randa ƙarama a bakin shago, ina sha duk bayan sallah, in fitsari ya yi ja na san na gaza. Na daina fita daga gida da sassafe a guje. Hanji ya fi motsi jim kaɗan bayan an karya, don haka nakan ba shi wannan lokacin, ko da buɗe shago zai jinkirta. Masai na tsuguno ya fi sauƙin fita, wanda gidansa na zama ne ya sa ɗan kujerar tsuguno a ƙarƙashin ƙafa, gwiwa ta ɗara ƙugu. Babur ma na rage hawa, zuwa masallacin Isha'i da dawowa a ƙafa nake yi.

Akwai waɗanda bai kamata su bi sharhina su tafi kemis kai tsaye ba. Wanda haɗiya ke yi masa wuya kada ya taɓa shi. Wanda cikinsa ya kumbura tim, ga amai, ko tusa ba ta fita, asibiti zai nufa a daren, ba kofi zai ɗauka ba. Haka wanda ke ganin jini ko baƙin bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko dattijon da cikinsa ya sauya masa kwatsam bayan shekara 50. Mu nan kowane jini “basir” ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har wata cutar hanji ta yi nisa. Ga asibitin koyarwa na UDUTH, ga Asibitin Ƙwararru, a je a duba tukuna. Mai juna biyu da ƙwayar ƙarin jini ta ɗaure wa ciki ta faɗa a wurin awo, kada ta yanke ƙwayar da kanta. Yara ƙanana kuma ba a ba su sai da izinin likita.

Yanzu ba kullum nake sha ba. A ranakun da abinci ya tafi daidai ba na buɗe kwalin. Lokacin da nake komawa gare shi sosai shi ne gab da Sallah, sanda ake kwana a kan keke ana cin abin da aka samu, da kuma makon naman layya. Zan sake saya, amma ba mai lemo ba. Akwai zallar ɓawon da ke zuwa a gwangwani ko babbar leda, ba zaƙi ba kala, ana aunawa da cokali, ya fi araha in ka lissafa, kuma yana shiga cikin nono ko kunu mai sanyi ba tare da ka ji shi sosai ba. Ba kowane kemis ke ajiye shi ba, sai ka tambaya, kuma ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka miƙa kuɗi.