Faifan kiɗan Aaron Copland: ga wanda bai taɓa ji ba, ya fara da Rodeo

Faifan da nake magana a kai shi ne wanda Leonard Bernstein ya jagoranci makaɗan New York Philharmonic suka buga manyan ayyukan Aaron Copland, Ba'amurke mai tsara kiɗa: Appalachian Spring, Rodeo, Billy the Kid, da Fanfare for the Common Man (wato busar girmama talaka). A waya na sauke shi, da abin kunne nake saurara. Ɗaukar tsohuwa ce, galibinta tun wajajen 1960, amma sautin na nan garau.

Babu waƙa a ciki ko baiti ɗaya, zallar kiɗa ne. Uku daga ciki an tsara su ne don rawar bale, wadda ake ba da labari da motsin jiki ba tare da an ce uffan ba. Tunda babu 'yan rawa a gabanka, kiɗan ne zai ɗauki nauyin labarin shi kaɗai, kuma ya ɗauka.

Rodeo, na 1942, shi ya fi saurin shiga rai. Labarin wata budurwa ce a gidan kiwon shanu a yammacin Amurka, tana ta faɗi-tashin jan hankalin samari. Kashin ƙarshe, Hoe-Down, goge ne ke tsere da juna, ƙafarka za ta kama bugun ƙasa ba ka sani ba. Bernstein bai tausaya wa makaɗan ba a nan, gudu yake sa su kamar ana korarsu, kuma ni hakan ya yi mini. Abin mamaki, Copland, mai wannan kiɗan makiyaya, ɗan birni ne: a Brooklyn aka haife shi a 1900, iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani, kuma a Faris ya yi karatun kiɗa wajen Nadia Boulanger.

Appalachian Spring kuwa sai da haƙuri. Ya tsara shi ne wa gwanar rawa Martha Graham, aka fara nuna shi a Washington a 1944 da makaɗa 13 kacal, ya ci babbar kyautar Amurka ta Pulitzer a 1945. Wanda ke faifan nan shi ne na cikakkiyar ƙungiya. Labarin ango da amarya ne a sabon gidan gona a Pennsylvania. Yana farawa a hankali ƙwarai, sautuka na hawa kan juna ɗaya bayan ɗaya, ba a gaggawa. Can kusa da ƙarshe sai sarewar kilarinet ta ɗauko tsohon taken ibada na Kiristoci 'yan ɗariƙar Shaker, sauran kayan kiɗa su riƙa karɓa suna juya shi har ya cika kunne. Wannan wurin kaɗai ya biya kuɗin datar da na kashe.

Sai dai nan ne matsalar take. Wuraren da aka sassauta suna yin ƙasa sosai, idan janareton maƙwabta na aiki ko kana cikin Keke, ba abin da za ka ji. Ka ƙara murya, ganguna su faɗo maka a ka. Da lasifikar waya kam, kada ma a fara.

Billy the Kid, na 1938, labarin wani shahararren ɗan bindiga a yammacin Amurka, bai kama ni kamar sauran ba. Wurin musayar wuta, inda ganguna ke kwaikwayon harbin bindiga, ya yi kyau, amma tsakiyarsa na ja mini.

Fanfare gajere ne, ƙahonin ƙarfe da ganguna kawai, an tsara shi a 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ana busa kakaki da tambari zai gane irin kwarjininsa, sai dai Copland talaka ya yi wa nasa.

Wanda ya saba da kiɗa mai amshi, ya tsallake zuwa Hoe-Down tukuna, ya bar Appalachian Spring sai dare ya yi, da abin kunne mai toshe hayaniya.